Gadon Sama, Harobanda

Ya iso da akwati ɗaya da kwalbar kanumfari,
da suna mai tsawon da ya gaji magatakarda,
sai aka rage masa shi: Attumani.
Shi gadon sama, ni na ƙasa.
Ni ɗan Tawa, shi ɗan wani tsibiri
da sai da ya ɗora mini yatsa kan taswira na gan shi,
kamar ƙwayar gero a cikin ƙwaryar ruwa.

Daren farko bai runtsa ba.
Ya ce garin nan babu ruwa mai numfashi.
Da safe na kai shi kan gada, na ce ga namu.
Ya duba, ya sake dubawa,
ya ce, "Wancan fa?"
Na ce ɗaya gaɓar ce, can cikin Yamai.
Ya yi dariya har mai kabu-kabu ya waiwayo.
Ruwan da ake hango bayansa, in ji shi,
bai gama girma ba.

Hausarsa ta ciki ta fara shiga:
dambu, ƙosai, ƙaro yaji.
Inna Tsahara mai abinci a bakin ƙofar jami'a
ita ta koya masa ƙidaya da dala.
Wata guda yana rigima da ita:
don me ashirin za ta zama ɗari?
Mutumin da ya haye teku
don karatun ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa,
ga shi canjin jikka ya kayar da shi.

Kuɗin karatunsa suka maƙale a hanya wata uku.
Bai faɗa ba.
Na dai lura ya fara azumin Litinin da Alhamis,
sannan ya haɗa da Talata.
Daga nan tikitin abincina ya koyi rabuwa biyu,
cukun da inna ta aiko ya ƙare kafin lokacinsa.

Da bazara ta kama, wuta ta ɗauke,
muka ja katifu waje, muna bitar darasi da fitilar waya.
Kogi ya rame har shanu suna taka shi.
Ya ce, "Naku ma hutu yake zuwa?"

Hutun salla na tafi da shi gida.
Kakata ta kurɓi shayinsa, ta ji kanumfari,
ta ce, "Yaro, uwarka ta san nisan da ka yi?"
Bai amsa ba, ya shiga gyara gawayi.
Da yamma ya bi ƴan mata rijiya,
ya ƙirga igiya gaba-gaba har ya ɓata lissafi,
ya leƙa, ya daɗe,
ya ɗago ya ce, "Ashe kuna da teku.
Ɓoye shi kuka yi."

Shekara ta cika, yarjejeniya ta cika.
Na raka shi filin jirgi da rigar da ya ara bai mayar ba.
Ya ce da ni, "Sai ka zo."
Na ce, "Sai na zo."
Takarduna suna buro har yau,
saura hatimi ɗaya,
mai hatimin kuma kullum ya ɗan fita.

Jiya ya aiko saƙon murya, minti biyu, babu kalma ko ɗaya,
sai wani abu mai zuwa yana komawa,
yana zuwa yana komawa.
Na saurara sau huɗu.

Yanzu wani ɗan Abeshe ne a gadon sama.
Ya tambaye ni ƙamshin me ke cikin kabad.
Na ce na wanda ya riga ka ne,
saura bakwai a kwalba,
in ka dafa shayi, sa ɗaya kawai.